Binciken salsala a intanet: yadda ake haɗa tarihin dangi, da wanda ke riƙe da bayanan

Binciken salsala shi ne bin diddigin iyaye da kakanni ta hanyar hujjoji: takardun haihuwa da na aure, rajistar ƙidayar jama'a, shari'un gado, wasiƙu, hotuna, da abin da dattawa suka riƙe a ka. A da aiki ne na mutum ɗaya ko gida ɗaya, ana ajiye sakamakonsa a cikin akwati ko gafaka. Tun ƙarshen shekarun 1990 aikin ya koma intanet, inda mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suke zuba abin da kowa ya sani a rumbu guda, su gyara wa juna kuskure, har reshen wannan gida ya haɗu da na wancan. Hanyar ta sada dangin da bauta da yaƙi da ƙaura suka raba. Ta kuma tara bayanan sirri na miliyoyin mutane a hannun kamfanoni da ƙungiyoyi ƙalilan, waɗanda ake iya sayarwa, ake iya yi wa kutse, kuma 'yan sanda ke iya nema.

Yadda aka faro

Babbar cibiyar wannan aiki a duniya ita ce FamilySearch, mallakar cocin da aka fi sani da na Mormon, mai hedikwata a birnin Salt Lake na jihar Utah a Amurka. Tushenta ƙungiyar binciken salsala ce da cocin ya kafa a 1894. A 1938 ƙungiyar ta fara ɗaukar hoton tsofaffin takardu a kan siraran faifan fim, ta riƙa aika ma'aikata ƙasa-ƙasa suna ɗaukar rajistar coci-coci da kotuna da ofisoshin gwamnati. A shekarun 1960 aka haƙa ma'ajiya a cikin wani dutse kusa da birnin domin adana faifan. Sun kai naɗi miliyan 2.4, kuma a watan Satumban 2021 cibiyar ta sanar da cewa ta kammala mayar da su hotunan kwamfuta. Shafinta na intanet ya fara aiki a 1999, amfani da shi kyauta ne ga kowa.

Dalilin wannan ɗawainiya na addini ne. Mabiya cocin sun yi imani cewa rayayye zai iya karɓar baftisma a madadin kakansa da ya mutu, don haka sanin sunayen magabata wajibi ne a wurinsu. Wannan aƙida ta jawo ƙorafi. A 1995 cocin ya yi yarjejeniya da ƙungiyoyin Yahudawa cewa zai daina yin ibadar da sunayen waɗanda 'yan Nazi suka kashe, in ban da kakannin mabiyansa na kai tsaye. A 2008 fadar Paparoma ta umarci limamanta da kada su miƙa wa cocin rajistar majami'unsu.

Daga wannan coci ne kuma aka sami GEDCOM a 1984, wato tsarin rubuta salsala a fayil ɗaya da kowace manhajar salsala ke iya karantawa. Shi ya sa mutum zai iya kwashe aikinsa daga wani shafi ya kai wani, ko ya aika wa ɗan uwansa da ke wata ƙasa. A gefen kasuwanci akwai Ancestry na Amurka, wanda kamfanin zuba jari na Blackstone ya saya a 2020 kan dala biliyan 4.7, da MyHeritage da aka kafa a Isra'ila a 2003, wanda ya sayi shafin Geni a 2012. Akwai kuma WikiTree, da aka buɗe a 2008, wanda 'yan sa-kai ke gudanar da akasarin aikinsa.

Yadda haɗin gwiwar ke gudana

Tsari biyu ake bi. A na farko kowane mai rajista yana da nasa jadawalin salsala, shi kaɗai ke taɓa shi, manhaja kuma tana nuna masa idan wani suna nasa ya yi kama da na jadawalin wani. Haka Ancestry da MyHeritage suke. A na biyu jadawali ɗaya ne na duniya baki ɗaya, kowane mamaci yana da shafi guda, duk mai rajista yana iya ƙara bayani ko ya gyara. Haka FamilySearch da WikiTree da Geni suke. Amfanin tsari na biyu shi ne aiki ba ya maimaituwa. Illarsa ita ce mutum ɗaya mai gaggawa zai iya haɗe mutane biyu masu suna iri ɗaya su zama ɗaya, kuskuren ya bi dukkan rassan da ke ƙasa.

Girman abin da taron jama'a ke iya haɗawa ya bayyana a 2018, lokacin da masu bincike ƙarƙashin jagorancin Yaniv Erlich suka wallafa nazari a mujallar Science. Sun tace shafukan mutane miliyan 86 daga Geni, suka fitar da salsala guda mai mutum miliyan 13 da aure da haihuwa suka haɗa.

Ginshiƙin aikin shi ne kwafe sunaye. Hoton tsohuwar takarda ba ya amfani sosai idan sai an karanta shafi dubu kafin a ga suna ɗaya, saboda haka 'yan sa-kai suna karanta rubutun hannu, suna shigar da suna da shekara da gari a kwamfuta, domin a iya lalubo su cikin daƙiƙa. Gwamnatoci kuma suna sakin tsofaffin rajistoci bayan wa'adi: Amurka tana buɗe takardun ƙidaya bayan shekara 72, shi ya sa na 1950 suka fito a watan Afrilun 2022, Ingila tana jira shekara 100, aka saki na 1921 a watan Janairun 2022.

Zuri'ar bayi da neman asali

Ba kowa ne takarda ta rubuta da suna ba. A ƙidayar Amurka ta 1850 da ta 1860 an lissafa bayi ne a ƙarƙashin sunan ubangijinsu, da shekaru da jinsi da launin fata kawai. Ƙidayar 1870 ce ta farko da ta rubuta akasarin baƙaƙen fatar ƙasar da sunayensu, don haka a nan binciken yawancinsu yake tsayawa. Domin a tsallake wannan shinge, a ranar 19 ga Yunin 2015 aka ƙaddamar da aikin kwafe takardun hukumar da ta kula da 'yantattun bayi daga 1865 zuwa 1872. 'Yan sa-kai fiye da 25,000 suka shiga, kuma zuwa 2016 sun fitar da sunaye kusan miliyan 1.8.

Rumbun SlaveVoyages, wanda aka ɗora a intanet a 2008, yana ɗauke da bayanan tafiye-tafiyen jiragen bayi kimanin 36,000. Ƙiyasin masana shi ne an loda mutum miliyan 12.5 daga gaɓar Afirka, kimanin miliyan 10.7 suka isa da rai. Bayan Birtaniya ta haramta cinikin a 1807, sojojin ruwanta sun riƙa tare jirage, kotuna a Freetown da Havana suna rubuta sunayen waɗanda aka kuɓutar kamar yadda magatakarda ya ji su a kunne. Sunaye fiye da 90,000 aka tattara daga waɗannan rajistoci, aka nemi 'yan Afirka su saurari yadda ake furta su, su faɗi harshen da kowane suna ya fito.

A nan ƙasar Hausa ta shigo labarin kai tsaye. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun jefa Hausawa da yawa cikin kasuwar bayi ta gaɓar teku. A Bahia ta Brazil Hausawa ne suka jagoranci yunƙurin tawaye na 1807, suka kuma taka rawa a na 1809 da 1814, kafin babban boren Musulmi na Janairun 1835. A Freetown, Sigismund Koelle ya tattara kalmomin harsunan Afirka daga bakin 'yantattun bayi ya wallafa a 1854, ciki har da Hausar Kano da ta Katsina. Mai jin Hausa a yau yana iya gane sunan da ya gagari masanin da ke Turai, kuma irin wannan gudummawa ce aikin yake buƙata.

Littafin Roots na Alex Haley, na 1976, shi ya zaburar da baƙaƙen Amurka neman asalinsu. Haley ya ce ya gano kakansa a ƙauyen Juffure na Gambiya ta bakin wani mai riƙe da tarihin baka. Daga baya masana tarihi suka nuna cewa mutumin ya riga ya san labarin da baƙon yake nema, kuma wasu shekarun ba su dace da takardu ba. Darasin da masu bincike suka ɗauka shi ne a rubuta wanda ya faɗi magana, da lokacin da ya faɗe ta, da abin da aka gaya masa kafin ya yi magana.

Inda hujjojin ƙasar Hausa suke

Riƙon nasaba tsohuwar al'ada ce a nan. Malamai suna rubuta salsalar gidajensu da ta malamansu da Larabci ko ajami, maroƙa da makaɗan fada suna jero kakannin sarakuna, tsofaffin mata kuma su ne suka fi sanin wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya jero sarakunan birnin tun daga Bagauda. Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna tana riƙe da rahotannin haraji da bayanan gundumomi na zamanin Turawa, Gidan Arewa kuma, wanda aka kafa a 1970, yana da tarin rubuce-rubucen hannu. FamilySearch ma tana biyan ma'aikata su naɗi salsalar baka daga dattawa a ƙasashen Afirka da dama, ciki har da Gana da Nijeriya.

Dangin da za a iya haɗawa suna da yawa. Fataken goro sun kafa zuri'a a zangon Salaga da Kumasi. Bayan yaƙin Burmi na Yulin 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'arsa har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta bar rabin dangi a Katsina rabi a Maraɗi, wasu a Daura wasu a Damagaram.

Sai dai manhajojin an gina su ne a kan al'adar Turai, inda sunan gida yake bin zuri'a ba ya canzawa. Bahaushe yana ɗaukar sunan mahaifinsa, jikansa kuma ya ɗauki wani. Makarantun boko sun sa wasu sun ɗauki sunan gari, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari, wanda ba ya nuna dangantaka ta jini da sauran masu sunan. Alkunya tana sa a san mutum da laƙabi kamar Ɗanlami ko Talatu har ya mutu, sunan yanka yana ɓoye. Shekarar haihuwa sau da yawa ana ƙiyasta ta ne da abin da ya faru, kamar yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ko hawan wani sarki. 'Yan uwantakar shayarwa, wadda ke haramta aure a Musulunci, ba ta da gurbi na musamman a tsarin, sai dai a rubuta ta a wurin ƙarin bayani. Ga kuma ƙarancin takarda: binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa, duk da cewa dokar 1992 ta wajabta ta.

Gwajin ƙwayoyin halitta

Kamfanoni irin su 23andMe da Ancestry suna karɓar yawun mutum, su karanta ƙwayoyin halittarsa na DNA, su gwada da na sauran abokan cinikinsu. Ɗa yana tarayya da kowane mahaifi a rabi, da kaka a kimanin kashi 25 cikin 100, da ɗan baffa ko ɗan kawu a kimanin kashi 12.5. Da wannan lissafi ake hasashen dangantaka. A inda auren zumunci ya yawaita lissafin yana kumbura, dangi na nesa ya fito kamar na kusa.

Kason ƙabila da kamfanonin ke bayarwa ƙiyasi ne da aka gina a kan mutanen da suka riga suka ba da samfur, kuma akasarinsu 'yan asalin Turai ne. Shi ya sa sakamakon mutum ɗaya yake canzawa idan kamfani ya sabunta rumbunsa. Gwajin da ke bin layin uba zalla yana ba da labarin kaka ɗaya ne daga cikin gurabe 1,024 da mutum yake da su idan aka koma baya hawa 10. Gwajin yana iya tabbatar da cewa mutane biyu dangi ne na kusa, amma ba ya ba da sunan kaka ko garinsa. Wannan sai takarda ko shaidar baka.

Haɗarin da ke ciki

A ranar 24 ga Afrilun 2018 'yan sandan California suka kama Joseph DeAngelo, tsohon ɗan sanda, wanda daga baya ya amsa laifin kashe mutum 13 a shekarun 1970 da 1980. Shi bai taɓa ba kowane kamfani yawunsa ba. Masu bincike sun ɗora samfurin da aka samu a wurin laifi a rumbunan salsala, ciki har da GEDmatch, suka sami danginsa na nesa, suka bi jadawali har suka iso kansa. An yaba da kamun, amma ya nuna cewa wanda ya ɗora bayanansa ya ɗora na danginsa da ba a tambaye su ba. Wani nazari na 2018 a mujallar Science ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na Amurkawa 'yan asalin Turai ana iya samun wani ɗan uwansu a irin waɗannan rumbuna. A 2019 GEDmatch ya canza ƙa'ida, sai wanda ya yarda ne 'yan sanda za su gani, kuma a ƙarshen shekarar wani kamfanin binciken laifuka mai suna Verogen ya saye shi.

Kutse ma ya faru. A 2018 MyHeritage ya sanar da cewa an sace adireshin imel na masu rajista miliyan 92. A 2023 masu kutse suka shiga asusu kimanin 14,000 na 23andMe da kalmomin sirrin da aka sato daga wasu shafuka, kuma ta hanyar sashen da ke haɗa dangi suka kwashi bayanan mutum miliyan 6.9. A watan Maris na 2025 kamfanin ya durƙushe ya nemi kariyar kotu, bayanan halittar abokan ciniki kusan miliyan 15 suka shiga cikin kadarorin da za a sayar. Wata cibiya ta Anne Wojcicki, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ita ta saye su kan dala miliyan 305. Kalmar sirri ana canza ta idan an sace, ƙwayar halitta kuwa mutum yana tare da ita har kabari, 'ya'yansa ma sun gaji rabinta.

Nijeriya ta sami dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma sa bayanan ƙwayoyin halitta da na ƙabila da addini cikin rukunin da ke buƙatar tsauraran matakai. Gana tana da tata tun 2012. Aiwatar da irin waɗannan dokoki a kan kamfanin da rumbunsa ke wata nahiya yana da wuya, kuma dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ba ta shafi bayanan matattu ba.

Salsala da siyasa

A wannan yanki asali yana da farashi a siyasa. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora zama ɗan ƙasa ta haihuwa a kan iyaye da kakanni, sashe na 147 kuma ya ce a naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, wanda dole ya zama ɗan asalinta. Takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma tana buɗe ko rufe ƙofar aikin gwamnati da gurbin karatu, kuma jayayya a kan wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo tana cikin tushen rikicin Jos na 2001.

A watan Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta kori Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Borno daga jam'iyyar GNPP, zuwa Chadi, bisa zargin cewa mahaifinsa ɗan can ne. Kotu ta soke korar. A 2019 jam'iyyar APC ta gaya wa kotun zaɓe cewa Atiku Abubakar ba ɗan Nijeriya ba ne ta haihuwa, domin an haife shi a Jada a 1946, kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigo da yankin cikin Nijeriya. Kotun ba ta karɓi hujjar ba. A Nijar 'yan adawa sun ƙalubalanci asalin Mohamed Bazoum kafin zaɓen 2020, kotun tsarin mulki ta amince da takararsa. A masarautu ma salsala ce ke tantance mai neman gadon sarauta: a Zazzau gidaje huɗu ne, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kuma naɗin Ahmad Nuhu Bamalli a 2020 ya mayar da sarautar gidan Mallawa bayan shekara 100.

Saboda haka jadawalin da kowa ke iya gyarawa zai iya zama makami. Suna ɗaya da aka ƙara ko aka goge yana iya shafar rabon gado ko takarar kujera. Akwai kuma abin da gidaje ke rufewa, kamar asalin bauta ko shakku a kan uba, wanda fallasa shi ke iya ɓata aure ko ya zubar da mutuncin wanda ba shi da laifi. Shari'ar Musulunci tana da nata ƙa'idojin tabbatar da nasaba, kuma shafin intanet da ba a san wanda ya rubuta shi ba ba ya cikinsu.

Ƙa'idojin da masu bincike ke bi

Ƙwararru suna farawa daga kansu su yi sama, hawa-hawa, ba sa tsallakawa zuwa wani shahararren kaka sannan su nemi hanyar da za ta kai su gare shi. Suna fara naɗar muryar dattawa da izininsu, domin takarda tana iya jira shekara goma, tsoho kuwa ba shi da tabbacin baɗi. Kowane bayani ana rubuta madogararsa a gefensa, ana kuma bambanta abin da aka gani a takarda da abin da aka ji. Idan ruwayoyi biyu suka saɓa, ana ajiye duka biyun da sunan mai kowace.

Bayanan rayayyu, musamman yara, ba a sa su a fili; manyan shafukan suna ɓoye su da kansu, amma hoton takardar haihuwa da aka tura a zauren WhatsApp na dangi ba shi da wannan kariya. Kafin a yi gwajin halitta ana shawartar 'yan uwa na kusa, a karanta sharaɗin kamfani a kan 'yan sanda da sayar da bayanai da goge su. Ana ajiye kwafin GEDCOM da hotunan takardu a gida, a hannun mutum fiye da ɗaya, domin kamfani yana iya rufewa ko ya canza hannu. Asalin takardun kuma, na ajami ne ko na boko, suna zama a wurin masu su, hoto kawai ake bayarwa.